Waƙar Turawa Mai Zango Uku Da Aka Haifa A Apapa

Duk mutumin Arewa da ya taɓa neman abinci a Apapa ya san Wharf Road. Unguwar tashar jiragen ruwa ce, inda 'yan dako da masu gadi da direbobin manyan motoci daga Bauchi da Kano da Sakkwato suka sha yini suna jiran lodi. A kan wannan titi ne, cikin daminar shekarar 1973, waɗansu baƙi su uku da suka taso daga Ingila suka ɗauki wata waƙa wadda ta zagaya duniya, har yanzu kuma gidajen rediyo ba su daina sa ta ba. Sunan waƙar "Band on the Run", watau ƙungiyar makaɗan da suka tsere ana nemansu. Mai waƙar kuwa shi ne Paul McCartney, ɗaya daga cikin samarin nan huɗu na ƙungiyar Beatles.

Abu biyu ya sa labarin wannan waƙa ya isa a ba da shi. Na farko yadda aka gina ta, domin waƙoƙi uku ne aka ɗinke suka zama guda. Na biyu kuwa rigimar da ɗaukarta ta tayar a Ikko, a kan tambayar da har gobe ba a gama amsa ta ba, watau wa ke da kiɗa, kuma wa ya kamata ya ci moriyarsa.

Wane irin kiɗa ne?

Wanda ya tashi da jin Mamman Shata ko Narambaɗa ko Ɗanƙwairo ya san yadda ake gina waƙar Hausa. Akwai gindin waƙa, shi ne abin da 'yan amshi suke riƙe da shi. Jagora ya tafi ya kawo ɗa, ya dire, 'yan amshi su koma gindi. Ya sake tafiya ya kawo wani, su sake komawa. Kalangu ko kotso yana nan a kan kiɗa guda tun daga farko har ƙarshe, ko da waƙar za ta kai rabin sa'a. Gwanintar tana cikin abin da jagora yake ɗorawa bisa wannan kiɗa guda. Yawancin waƙoƙin rawa na Turawa su ma haka suke, baiti da amshi, baiti da amshi, cikin minti 3 an gama, gwargwadon abin da ƙaramin faifan garmaho yake ɗauka, gidajen rediyo kuma suke so.

To, wajen ƙarshen shekarun 1960 sai waɗansu samarin makaɗa a Ingila suka ga wannan riga ta yi musu kaɗan. Babban faifai ya riga ya yaɗu, kowane gefe nasa yana ɗaukar minti 20 ko fiye. Suka shiga aro daga kiɗan taron goge na mutanen Turai na dā, da kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, suna tsara dogayen waƙoƙi masu kashi-kashi, kowane kashi da saurinsa da karinsa. Ƙungiyar King Crimson ta fito da faifanta na farko a 1969. A 1972 ƙungiyar Yes ta fito da "Close to the Edge" mai minti 18, ƙungiyar Genesis kuma ta fito da "Supper's Ready" mai kusan minti 23, kashi 7. Ƙungiyar Jethro Tull ma a wannan shekara waƙa ɗaya tak ta cika faifai da ita gaba da baya.

Turawa suka sa wa wannan salo suna mai ma'anar "rok mai ci gaba". Da Hausa ya fi dacewa a ce rok mai zango-zango, domin waƙar tana tafiya ne kamar ayarin fatake, a tashi daga wannan zango a sauka a wancan, ba a komawa baya. Mutumin Bauchi da ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla ya san irin wannan ji. Ayarin wannan hakimi ya zo da takensa, kafin kiɗansa ya gama ɓacewa a kunne na wani ya danno kai, can sai a ji kakaki, kowa ya san Sarki ya iso. Kiɗa iri-iri, amma hawa ɗaya.

McCartney ba baƙo ba ne a wannan sana'a ta ɗinki. Tun yana cikin Beatles, shi da John Lennon suka haɗa guntayen waƙoƙinsu biyu suka zama "A Day in the Life" a 1967. A 1969 kuma shi ne ya fi matsawa a jera gajerun waƙoƙi a manne da juna a gefe na biyu na faifan "Abbey Road". Bambancinsa da su Yes shi ne bai yarda ya bar mai sauraro na kasuwa a baya ba. Abin da su suke yi cikin minti 20, shi yana so ya yi cikin minti 5, da karin da kowa zai iya rerawa. Saboda haka masana suna gardama a kan ko "Band on the Run" cikakkiyar 'yar wannan gida ce ko kuwa 'yar riƙo. Ko ma dai yaya ne, gininta nasu ne.

Abin da ya kawo su Ikko

Beatles ta watse a 1970. A shekara mai zuwa McCartney ya kafa sabuwar ƙungiya mai suna Wings, tare da matarsa Linda da wani makaɗin jita, Denny Laine. Fayafayansu na farko sun sayu, amma masu sharhi a jaridu sun yi ta sukarsu, suna cewa tun da ya rabu da Lennon ba shi da sauran abin kirki. Watau mutuncinsa na mawaƙi ne a kan sikeli.

Ya gaji da ɗaukar waƙa a Landan, sai ya nemi kamfanin EMI ya ba shi jerin ɗakunan ɗaukar murya da yake da su a ƙasashen duniya. Kamfanin nan ba baƙo ba ne ga mutanen Arewa, tambarinsa yana kan fayafayan Shata. Da McCartney ya ga sunan Ikko a jerin sai ya zaɓe ta, yana tsammanin da rana za su kwanta a bakin teku su sha hantsi, da dare su yi aiki. Ana gab da tafiya sai makaɗin jita Henry McCullough ya fita daga ƙungiyar, mai ganga Denny Seiwell shi ma ya ce ba ya zuwa. Ƙungiya mai mutum 5 ta koma mutum 3. Suka taho haka nan a ƙarshen watan Agusta, tare da injiniya Geoff Emerick wanda ya daɗe yana aiki da Beatles.

Nijeriyar da suka tarar ita ce ta zamanin Janar Yakubu Gowon. Shekara 3 ke nan da gama yaƙin basasa, naira ba ta cika shekara da fitowa ba, Bauchi ma ba ta zama jiha ba tukuna, tana cikin Jihar Arewa maso Gabas. Maimakon hantsi sai suka iske ruwan sama. Masaukinsu yana Ikeja kusa da filin jirgin sama, ɗakin aiki yana Apapa, tafiyar sa'a guda. Ɗakin kansa kayan aikinsa ba su cika ba, na'urar ɗaukar murya guda ɗaya ce, mai layi 8.

Wannan layi 8 shi ne ya cece su. Ma'anarsa ana iya ɗaukar kowane kayan kiɗa a layinsa dabam bisa tef ɗaya. A ɗauki ganga, a mai da tef baya, a ɗora jita mai babbar murya, a sake mai da shi, a ɗora wata jitar, sa'an nan murya, kamar yadda magini yake aza tubali sahu bisa sahu. Tun da ba mai ganga, McCartney ya zauna ya buga da kansa, ya kaɗa jita mai babbar murya, ya kuma ɗauki kaso mai yawa na jitar lantarki. Laine yana riƙe da jitar rakiya, Linda tana kan allon piyano da na'urar haɗa sauti. Da haka mutum 3 suka yi ƙarar cikakkiyar ƙungiya.

Wahalar ba ta tsaya nan ba. Wani dare McCartney da matarsa suka fita yawo da ƙafa, ko da yake an gargaɗe su. 'Yan fashi suka tare su da wuƙa, suka ƙwace abin da ke hannunsu, har da jakar da ke ɗauke da littafin baitocinsa da kaset-kaset na gwajin waƙoƙin da ya zo ɗauka. Dole ya koma ya tono waƙoƙin daga ƙwaƙwalwarsa. Wata rana kuma yana cikin aiki numfashinsa ya sarƙe ya faɗi, aka ɗauka ciwon zuciya ne. Likita ya ce maƙogwaron huhu ne ya shaƙe saboda yawan shan taba.

Masomin waƙar

An ɗauki cikin wannan waƙa a Birtaniya, aka haife ta a Apapa, aka yi mata sutura a Landan. Asalinta kuwa daga zaman shari'a da lissafin kuɗi ne. Beatles suna da kamfani nasu mai suna Apple, wanda ya zame musu ƙarfen ƙafa. A watan Disamba na 1970 McCartney ya kai abokansa ƙara kotu yana neman a raba tarayya. Aka yi shekaru ana taro da lauyoyi da akantoci. Shi da bakinsa ya ce a ɗaya daga cikin irin waɗannan tarurruka ne George Harrison ya yi wata magana ta gajiya, yana kwatanta su da fursunonin da ba su san ranar fita ba. McCartney ya riƙe maganar, ita ce ta zama tushen kashi na tsakiya na waƙar.

Akwai kuma wani dalili wanda bai ɓoye ba. An ci shi tara a ƙasar Suwidin a 1972, aka sake cin sa a Sikotland a 1973, duk a kan tabar wiwi. A ganinsa hukuma ta mai da makaɗa tamkar 'yan fashin da ake farauta. Mai karatu yana iya ƙin yarda da shi a nan, doka dai doka ce. Amma daga wannan ji ne ya samo siffar makaɗan da suka fasa kurkuku.

Zango uku

Tsawon waƙar minti 5 ne da 'yan daƙiƙu. Kafin a bi ta, ya kamata a san cewa Turawa suna sa wa matakan sauti sunayen baƙaƙe, A, B, C har zuwa G, kowace waƙa kuma tana da matakin da take zaune a kai, kamar yadda mai garaya yake ɗaure tsirkiyarsa kafin ya fara. Kowane mataki yana da fuska biyu, mai fara'a da mai ɗaurewa. Yawancin waƙoƙi a mataki ɗaya suke zama har su ƙare. Wannan kuwa sau uku tana sake wurin zama.

Zango na farko yana kan matakin D, yana ɗaukar kimanin minti 1 da daƙiƙa 20. Tafiyarsa a hankali take, kamar ta wanda ba ya da inda za shi. Jitar lantarki ce take buɗewa da wani siririn kari mai ja, na'urar haɗa sauti tana amsa mata. Ganga tana can baya, ba ta ɗaga murya. Mawaƙin yana magana ne da bakin ɗaurarren da aka kulle, yana kewar wanda yake ƙauna, ba ya sa ran sake ganinsa. Babu amshi a nan, baiti ɗaya ne tak.

Ba tare da sallama ba sai kiɗa ya juya. Zango na biyu ya sauka kan matakin A mai ɗaure fuska. Saurin bai ƙaru da yawa ba, nauyi ne ya ƙaru. Jitoci suna nanata wani gajeren kari mai kaushi, suna zuwa suna dawowa kamar mutumin da yake safa da marwa a ɗan ƙaramin ɗaki. Ɗaurarren ya daina kuka ya koma cin alwashi, yana cewa in har ya fita zai rabar da abin da ya mallaka sadaka, ɗan abin sha kaɗan ya ishe shi a yini. Wannan shi ne zango mafi gajarta, bai kai minti ɗaya ba.

Daga nan sai gada. Wajen minti 2 da 'yan daƙiƙu, taron masu gogen Turawa da masu busa ƙahoni suka taso gaba ɗaya, suka hau sama, suka fashe kamar bango ya rushe. Wannan 'yar gajeruwar gada ba a Ikko aka ɗauke ta ba. Bayan sun koma Landan, a watan Oktoba, wani gwanin tsara kiɗa mai suna Tony Visconti ya rubuta ta, makaɗa wajen 60 suka kaɗa a ɗakin ɗaukar murya na AIR.

Ƙurar tana lafawa sai a ji jitar katako, wadda ba ta lantarki ba, ana sharar ta da ƙarfi a kan matakin C mai fara'a. Wannan shi ne zango na uku, ya ɗauki fiye da rabin waƙar. Sauri ya ƙaru, fili ya buɗe. A nan ne kaɗai waƙar ta koma irin ginin da kunne ya saba da shi, baiti uku, kowanne da amshi, a nan ne kuma aka fara jin sunan waƙar. Mai magana ma ya sake. Da fari mutum ɗaya ne yake kukan kansa, yanzu labarin jama'a ake bayarwa. Ana lissafa masu neman su, da gandiroba, da wani matuƙin jirgin ruwa, da mai binne gawa, da alƙalin gunduma mai riƙo a zuci, kowa ya yi nema ya gaji.

Hikimar ginin ita ce jinkirta amshi. Mai sauraro ya yi minti 2 a tsare, ba a ba shi abin da zai rera ba, saboda haka lokacin da amshi ya zo sai ya ji shi ma an sake shi. Da a ce da amshin aka fara, da waƙar rawa ce kawai kamar sauran. In kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, in ji masu iya magana. A nan kiɗan ne yake ba da labarin, ko da mutum bai ji Turanci ba.

Mutanen Bauchi suna da wani gini da zai taimaka wajen fahimtar wannan dabara, ko da yake shi al'amarinsa ya fi na waƙa girma nesa ba kusa ba. Shi ne hubbaren marigayi Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka fara ginawa a 1977 aka buɗe a 1979. Mai ziyara yakan fara shiga wani lungu mai duhu, yana lalube, haske yana ɗan leƙowa, ya yi ta hawa har ya fito fili inda ba rufi sai sararin Allah. Masu kula da wurin sukan bayyana cewa duhun zamanin mulkin mallaka ne, hasken kuwa 'yancin kai. Magini bai rubuta wannan a bango ba, ya bar ƙafar mai ziyara da idonsa su gaya masa. Abin da aka yi da siminti a can, shi McCartney ya yi da sauti.

Zargin Fela

Labarin zuwan McCartney bai yi wa kowa daɗi a Ikko ba. Fela Ransome-Kuti, wanda daga baya ya koma Anikulapo-Kuti, a lokacin yana tashe da ƙungiyarsa Africa 70 a gidan rawarsa da ake kira Shrine. McCartney ya je ya saurare su, ya kuma sha faɗa daga baya cewa kiɗan ya ratsa shi har ya yi hawaye. Amma Fela ya fito fili ya ce Baturen ya zo ne ya saci kiɗan baƙar fata ya kai Turai ya sayar. Ya taka har ɗakin EMI. McCartney ya kunna masa abin da suka ɗauka domin ya ji da kunnensa cewa ba kiɗan Afirka a ciki. Da ma yana da niyyar gayyatar makaɗan Ikko su sa hannu, sai ya fasa.

Duk wanda ya saurari waƙar zai ga McCartney ya fita daga wannan zargi. Hanyar Fela ta fi kusa da ta Shata. Tony Allen ya kafa ganga a kan kiɗa guda, a yi minti 10 ko fiye ana zurfafa shi, ƙahoni su shiga su fita, sa'an nan Fela ya fara waƙa mata suna amsawa. Shi rijiya yake haƙawa a wuri ɗaya, McCartney kuwa tafiya yake yi. Ba abin da ya haɗa ginin biyu.

Duk da haka tsoron Fela ba na banza ba ne. Makaɗin Kamaru Manu Dibango ya fito da "Soul Makossa" a 1972. Bayan shekara 10 aka ji wani yanki nata cikin waƙar Michael Jackson ba tare da izini ba, sai da Dibango ya kai ƙara kafin aka sasanta aka biya shi. Wanda ya ga irin haka ba za a ce ya cika zargi ba. Matsalar ma ba ta tsaya tsakanin baƙi da fari ba. Shi kansa Visconti da ya rubuta gadar waƙar, sai da aka sake buga faifan don cikarsa shekara 25 kafin aka rubuta sunansa a matsayin mai tsara kiɗan.

Abin da rigimar ta jawo shi ne faifan da aka ɗauka a Ikko ya fita ba makaɗin Ikko ko ɗaya a cikin aikin da aka yi a garin. Kwana ɗaya kaɗai suka yi a ɗakin ARC na Ikeja, wanda Ginger Baker, Baturen nan mai ganga abokin Fela, ya kafa. Ɗan Nijeriya guda da aka ji hannunsa a faifan shi ne Remi Kabaka, shi ma a Landan ya buga, a wata waƙa dabam mai suna "Bluebird". An kauce wa sata, amma an kuma rasa haɗuwar da ba wanda ya san abin da za ta haifar.

Abin da ya biyo baya

Sun bar Ikko wajen ƙarshen Satumba. Da suka isa gida suka tarar da wasiƙar EMI, wadda aka rubuta tun kafin su tashi, tana gargaɗinsu kada su je saboda annobar kwalara. Faifan ya fito a ƙarshen 1973. A 1974 waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Amurka, ta kai na 3 a Ingila, a 1975 kuma aka ba su lambar yabo ta Grammy, Emerick ma ya sami tasa ta aikin injiniya. Masu sukar McCartney suka sassauta, ba a ƙara cewa ya ƙare ba. A shekarar 1975 ɗin ce ƙungiyar Queen ta fito da "Bohemian Rhapsody", ita ma mai zango-zango ce cikin kusan minti 6, ta ƙara tabbatar da cewa kasuwa tana karɓar irin wannan gini in an iya shi.

Yawancin waɗanda suka shaida wannan al'amari sun riga mu gidan gaskiya. Fela ya rasu a 1997, Linda a 1998, Emerick a 2018, Baker a 2019, Laine a 2023. A watan Fabrairu na 2024, don cikar faifan shekara 50, aka fito da wani haɗi na gwaji da Emerick ya yi a watan Oktoba na 1973, tun kafin a ɗora taron goge da ƙahoni. Mai son ya ji yadda waƙar take sa'ad da ta baro Ikko, wannan ne zai nema. In ya kai wajen minti 2 sai ya kasa kunne, zai ji yadda mutum uku suka haye gadar su kaɗai.